Tarkon Kanikawa da Ɗigon Jan Farce

Ku gyara zama, wanda ke riƙe da abin sha ya ajiye shi gefe don kada ya ƙware. Labarin yau na wata mota ne, da yayan matata, da wani tela mai furfura wanda Allah ya ba shi kunnuwa biyu lafiyayyu amma ya ɗauke su duka ya ba da aro. Telan nan ni ne.

Motata tsohuwa ce, fara, farin ma ya fara komawa ruwan toka. Ba wanda zai waiwaya ya sake kallonta, amma ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. In na murɗa makulli sai ta yi tari ɗaya, irin na dattijon da zai fara magana, ta tashi abinta.

A lokacin Auta, 'yarmu ta ƙarshe, tana wurinmu da tsohon ciki, aiki ya kai mijinta nesa. A asibiti sun ce haihuwa yau ko gobe. Uwar yara ta same ni a kan keken ɗinki ta ce, "Malam, abu ɗaya nake roƙonka a watan nan. Motar nan ta zauna a ƙofar gida da mai a cikinta. Duk sa'ar da yarinyar nan ta ce wash, mu shiga mu tafi."

Na ce, "An gama."

Sai dai a 'yan kwanakin nan motar ta tsiro da wata ƙara. In na hau gargada sai in ji ƙwar-ƙwar-ƙwar ta gefen direba. Hankalina ya ƙi kwanciya, na kai ta ƙarshen layinmu wurin wani bakanike da ke aiki a ƙarƙashin rumfar kwano. Duk unguwa Ba-Komai ake ce masa, saboda rabin mutanen da ke kai masa mota haka yake sallamarsu: ya duba, ya goge hannu, ya ce ba komai. Mutum ne marar surutu, har gaisuwa ma a taƙaice yake yin ta.

Ya buɗe bonet ya saurara. Ya shiga muka zaga layi. Muka dawo ya fito yana goge hannu.

"Ba komai, Tela. Lafiyarta ƙalau. Ka dai kwashe tarkacen da ke aljihun ƙofa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ba za ka kwance ko ƙusa ɗaya ba?"

"In kwance in yi me da ita?"

Na miƙa masa ɗan abin hasafi ya ƙi karɓa. Na dawo gida raina a ɓace. Ni da na zo da babbar matsala, a ce mini tarkace? Ban ko kalli aljihun ƙofar ba.

A ƙofar gida na tarar da Yaya, wan uwar yara, zaune a bencin mai shago yana ba maƙwabta labari. Yaya ya taɓa yin gadi na ɗan lokaci a wani kamfanin motocin haya, yana buɗe musu ƙofa yana rufewa. Tun daga nan ya laƙaba wa kansa Injiniya. Bai taɓa tuƙa ko amalanke ba, amma in mota ta wuce sai ya karkata kai, ya lumshe ido, ya faɗi ciwonta da kuma ranar da za ta mutu.

Da na ba shi labari sai ya tafa hannu ya yi salati.

"Ba komai? Mota tana kuka da bakinta ya ce ba komai? Ƙanina, wannan ko dai bai san aiki ba, ko kuma jira yake ta lalace gaba ɗaya ya ci babban rabo. Kanikawa ai na san su kamar yunwar cikina. A ɗari da ƙyar ka sami ɗaya na kirki. Amma kwantar da hankalinka, gobe zan zaƙulo maka ɗayan nan."

Mai shago ya ce, "Ta yaya, Injiniya? A goshi ake rubuta musu?"

Yaya ya dube shi da tausayi. "Tarko zan ɗana. Na farko, zan zare waya ɗaya a cikin inji da hannuna. Mai gaskiya zai ce waya ce, ya mayar. Ɓarawo zai ce a sauke inji. Na biyu, duk wani abu mai daraja a cikin motar zan ɗiga masa alama, yadda in aka musanya shi da tsoho zan gane nan take."

Mai aski ya leƙo daga shagonsa da almakashi a hannu ya ce, "Wato lafiyayyar mota za ku karya don ku nemo mai ɗori?"

"Kai tsaya kan gashi," in ji Yaya. "Abin da ke ƙarƙashin gashin ba fanninka ba ne."

Aka yi dariya. Ni kuwa, ku ji tsakani da Allah, dabarar ta burge ni har na ji ina ma a kaina ta fito.

Washegari da safe Yaya ya iso da wata tsohuwar rigar leda ta masu aikin injina, ya rataya madubin ido a wuya. Ya aike ni cikin gida in samo abin yin alama. Na lallaɓa ɗakin Auta tana barci, na ɗauko wata 'yar kwalbar jan farce a kan madubinta. Uwar yara ta tare ni a tsakar gida.

"Ina zuwa da motar?"

"Dubawa kawai za a yi. Kafin rana ta take mun dawo."

"Wa zai duba?"

"Yaya zai raka ni."

Ta kafa mini ido. "Malam, ciki ɗaya muka fito da shi. Rediyon mahaifinmu ma shi ya duba, har yau ba ta sake magana ba."

Na yi kamar ban ji ba.

A waje Yaya ya ce in ba shi wuri. Ya sunkuya ya ja wani ƙarfe don buɗe bonet, sai murfin tankin mai ya buɗe. Ya ja wani, but ɗin kaya na baya ya buɗe. Ya ce yana gwada su ne ɗaya bayan ɗaya. Da na buɗe masa, sai ya shiga ɗige-ɗige: batir ɗigo, lagireto ɗigo, kafireto ɗigo, har da wasu abubuwan da shi kansa bai san sunansu ba, yana ce musu "wannan ɗan banzan" da "ƙaninsa". Sannan ya zaɓi wata waya baƙa mai kauri ya fizge ta, ya jefa kwalbar a aljihu.

Na tayar da mota. Baiwar Allah ta kama rawar ɗari, tana tari tana kakkarwa kamar mai zazzaɓi.

"Ka ji ko?" in ji Yaya. "Tarko ya ɗanu. Mu je."

Gareji na farko babba ne a bakin titi, da allo mai hoton sifana. Mai shi wani ƙaƙƙarfa ne mai haƙorin zinare. Ya tarbe mu da fara'a, ya sa kunne a jikin inji, sai fuskarsa ta canza kamar an yi masa rasuwa.

"Ranka ya daɗe, da ƙafarta ta zo ko jawo ta aka yi? Allah ya tsare ku. Injin nan ya gama. Sai an sauke shi."

Yaya ya daka tsalle. "Na kama ka! Jama'a ku zo ku ga ɓarawo da rana tsaka! Waya ɗaya na zare da hannuna, ga ta nan tana lilo!"

Ma'aikata suka taru. Na zaci za a yi rigima, har na fara neman hanya. Sai Mai Haƙorin Zinare ya cire hula ya russuna.

"Kai, yau na gamu da gamona. Ranka ya daɗe, a wace ƙasa ka yi karatun inji?"

Ku ga yadda Yaya ya kumbura. Rigar ledar nan har ƙara take yi.

"Ba a tambayar wannan. Kuma wayar ma wasa ce. Ka ga wannan ɗigon? Ka ga wannan? Duk abin da ke cikin motar nan na yi masa alama ja. Wanda ya musanya mini ko da ƙusa ɗaya, zan gane."

Na taka ƙafarsa. Ya ce, "Ƙanina, ka daina taka ni, ina koyar da yara."

Mai gareji ya leƙa ɗigon ya daɗe yana kallo, yana girgiza kai don mamaki. Ya ce irin wannan ilimi bai kamata a bayar da shi a tsaye cikin rana ba. Ya ja mu ofis, ya kunna fanka, ya sa aka kawo lemo mai sanyi. Ya ce don neman gafara yaransa za su mayar da wayar kyauta. Yaya ya miƙe ƙafa ya ba da tarihin rayuwarsa tun daga ƙofar kamfanin haya, yadda wai manyan injiniyoyi ke zuwa da dare su roƙe shi shawara. Ni ina shan lemo ina jin ƙarar sifana a waje, ina cewa a raina, wayar nan da wuyar mayarwa take.

Da muka fito Yaya ya ɗora madubi a hanci ya bi alamominsa. Batir da ɗigo. Komai da ɗigo.

"Ka gani? Tsoro ya hana su."

Na murɗa makulli, motar ta yi wani nishi mai tsawo kafin ta tashi, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ce, "Yaya, batirin nan kamar ya yi sanyi. Kuma ɗigon kamar bai bushe ba."

"Zafin inji ne ya narkar da shi. Kai dai ka san zare da allura."

Mai Haƙorin Zinare ya rako mu har titi. Ya ce shi kam ya faɗi jarrabawa, ya yarda, amma in gaskiya tsantsa muke nema, akwai wani Dogo a bayan kasuwar katako, ko uwarsa ba ya yi wa ƙarya. Muna juyawa na hango shi a madubi ya kara waya a kunne yana dariya. Na ce a raina, bawan Allah, yana ba iyalinsa labarin darasin da ya koya.

Kafin mu shiga garejin Dogo, Yaya ya sa na tsaya a gefen hanya ya sake zare wayar. Garin zarewa ya dafa inji mai zafi, ya yi ihu, ya ce da gangan ya yi don ya auna zafin.

Muna shiga wani siriri mai tsawo ya taso da sauri.

"Maraba da Injiniya Mai Ɗigo!"

Yaya ya juyo ya dube ni, idonsa har da ƙwalla. "Ka ji? Sunana ya riga ni isowa."

Dogo bai ko saurari injin ba. Ya buɗe bonet, ya miƙa dogon hannunsa kai tsaye ya kamo wayar ya mayar. "Ranka ya daɗe, waya ce kawai ta fita. Ba zan karɓi ko sisi ba. Ni haram ba ta shiga cikina."

Yaya ya rungume shi. Ya ɗaga hannunsa sama kamar wanda ya ci dambe, ya yi shela ga duk wanda ke wurin cewa yau an sami bakanike mai gaskiya, kuma shi ya gano shi. Ni ma na ji wani sanyi a raina. Na ce, "To, alhamdu lillahi, mu tafi gida, rana ta yi."

Dogo ya yi ƙasa da murya. "Alhaji, na ji an ce akwai mai juna biyu a gida."

Yaya ne ya faɗa a garejin farko, a tsakiyar tarihinsa.

"In ni ne," in ji Dogo, "ba zan ɗauki mai naƙuda a motar da ban bi ta gaba da baya ba. Ku bar mini ita ɗan lokaci. Ku je ku ci abinci, ga rumfa can. Amma fa ra'ayi na Injiniya ne, ni ɗalibi ne a gabansa."

"Abin da nake shirin faɗa ke nan," in ji Yaya.

Muka je muka ci abinci. Yaya ya ƙara faranti. Ya ba mai abincin labarin tarko, ya ba wasu direbobi biyu, ya ba wani makaho da ya zo wucewa. Duk lokacin da na miƙe sai ya ce aikin gaskiya ba ya son gaggawa. Sai da inuwa ta juya sannan muka koma.

Mun tarar an wanke motar tana sheƙi. Na biya abin da Dogo ya kira kuɗin sabulu da man hannu, wanda ya isa a sayi sabulun wanke jirgi. Yaya ya buɗe bonet, sai ga ɗigo ko'ina, ja jawur, kamar injin ya yi ƙyanda.

Na ce, "Yaya, mun ɗiga wa bel ɗin fanka?"

"Wataƙila."

"To tayoyi fa? Ga ɗigo a kowace taya. Ni ban ga ka sunkuya ba."

Yaya ya leƙa tayoyin, sannan fuskarsa ta washe. "Ka ga aikin mai gaskiya! Inda muka manta ya ƙarasa mana."

Na dubi tayoyin. Da safe suna da zane, yanzu sumul suke kamar kan mai sanƙo. Na buɗe baki, sai na tuna an ce ni zare da allura na sani. Na rufe.

Sai da ma'aikatan Dogo suka tura mu sannan ta tashi. Ba mu yi nisa ba wani hayaƙi baƙi ya biyo mu, masu babur suna wuce mu suna toshe hanci suna yi mana addu'ar da ba ta alheri ba. Yaya ya ce dattin shekaru ne ke fita. Na danna ham don wani mai tura kurar ruwa ya kauce, sai ta yi wani siririn kuka kamar ɗan akuya, mai kurar ya waiwayo yana neman dabbar. Na taka birki, motar ta yi shawara da kanta tukuna kafin ta tsaya. Allurar zafi ta haye sama ta zauna. Muka hau gargada, sai na ji ƙwar-ƙwar-ƙwar ta gefen direba, daram, yadda na san ta.

"Yaya, ƙarar da muka fito dominta tana nan."

"Wannan ta lafiya ce. Da ta ciwo ce."

A daidai bakin layinmu motar ta yi atishawa biyu ta mutu. Muka fito muka tura, ni ina riƙe da sitiyari ta taga, Yaya yana baya ya ɗora yatsu biyu yana ba da umarni. Mutanen benci suka miƙe.

Mai aski ya ce, "Sannunku da dawowa. Ita ce ta kai ku, ku kuka dawo da ita. An yi adalci."

Mai shago ya ce, "Injiniya, an samo mai gaskiyar?"

"An samo! Ku bari in huta in ba ku labari. Mota kuwa hutawa take yi, an yi mata babban aiki."

Bai rufe baki ba ƙofar gidana ta buɗe da ƙarfi. Uwar yara ta fito mayafi a karkace, tana riƙe da Auta, wata maƙwabciya na biye da jaka.

"Malam! Ina ka shiga tun safe? Tayar da mota, abin ya zo!"

Na faɗa mota da sauri. Aka kwantar da Auta a baya. Na murɗa makulli. Ƙyas. Na sake. Ƙyas. Ko tarin nan na dattijo babu.

"A tura!" in ji Yaya. "Ƙanina, sa giya ta biyu. A'a, ta uku. Kai, sa duka!"

Duk layin ya fito. Mai shago, mai aski da wanda yake yi wa aski da rabin kai, mai wanki, har da wani baƙo da ya zo tambayar hanya. Aka tura mu zuwa ƙasan layi, ba ta tashi ba. Aka juyo da mu sama, ba ta tashi ba. Auta tana salati, uwar yara tana yi mata sannu da baki ɗaya tana yi mini wani abu dabam da ɗayan. A juyi na gaba tayar baya ta ce fuuus, motar ta durƙusa.

"Ba damuwa!" in ji Yaya. "Akwai safaya. Sabuwa fil, ni na gan ta da safe."

Ya zaga ya buɗe but a gaban jama'a. Kowa ya leƙa. Ba safaya, ba jak, ba sifana. A tsakiyar ramin da tayar ke zama, an ɗiga ɗigo ɗaya ja, kyakkyawa, an zagaye shi da kyau.

Kowa ya zuba wa ɗigon ido. Sannan mai aski ya ce a hankali, "To, alamar dai tana nan."

Dariya ta ɓarke, har wanda ake yi wa aski ya zauna a ƙasa. Yaya ya ɗaga murya yana cewa a tsaya, akwai bayani, ɗigon nasa ne, hannunsa ne, ko a mafarki zai gane shi. Uwar yara ta fito daga mota, ta zo ta dangwala yatsa a ɗigon ta shinshina.

"Da me kuka yi alamar?"

Na ce da ƙaramar murya, "Jan farcen Auta."

"Wannan fentin mota ne, Malam. Warinsa ma ya isa."

Daga cikin mota Auta ta ɗago kai, gumi na zuba, ta ce, "Kawu, nawa mai ƙyalƙyali ne! Wayyo Allah! Duba ka gani ko akwai mai ƙyalƙyali ko ɗaya!"

Aka buɗe bonet, rabin unguwa suka zura kai. Aka bi ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙyalƙyali guda ɗaya tak aka samu, a kan babban yatsan Yaya.

Ban san wanda ya je ya kira shi ba. Sai dai na ji ƙarar wata tsohuwar a-kori-kura tana tahowa da baya-baya, ta tsaya dab da mu. Ba-Komai ya fito, ya buɗe ƙofar gaba, ya shimfiɗa wani tsabtataccen buhu a kujera.

"Hajiya, ku shigo da ita nan. Tela, hau baya."

Kafin ya shiga ya ɗan leƙa cikin injina. Ya girgiza kai. Na ce, "Me ka gani?"

Ya goge hannu. "Yau kam akwai komai."

Yaya ya ɗaga ƙafa zai hau baya, uwar yara ta leƙo ta taga. "Yaya, kai tsaya ka yi gadin motar. Shi ne aikin da ka iya."

Mun isa asibiti a kan kari. Ina bayan a-kori-kura tsakanin tsohuwar giyabos da galan ɗin baƙin mai, hulata ta tafi da iska, ina ta addu'ar da na sani da wadda ban sani ba. Ko zama ban yi ba a barandar asibiti aka fito aka ce an sauka lafiya, namiji. Ma'aikaciyar ta ce da mun ƙara jinkiri kaɗan da a hanya za a yi ta. Na zauna a ƙasa ina hamdala. Na juya in yi wa Ba-Komai godiya, har na fara haɗa kalmomi masu nauyi, ya ce, "Ba komai," ya tafi.

Washegari da safe Yaya ya zo ya ce mu je mu ƙwato haƙƙinmu. Muka je wurin Dogo a ƙafa. Ya tarbe mu da fara'arsa ta jiya, ya saurari Yaya har ya gama kumfar baki, sannan ya ce, "Injiniya, kai da bakinka ka ce duk abin da ke da ɗigo naka ne. Ka je ka duba motar. In ka sami abu ɗaya marar ɗigo, kawo shi in biya." Ma'aikatansa suka taso da sifanu a hannu don su ji amsa. Yaya ya ce ba ya jayayya da jahilai, muka fito da ɗan sauri.

A hanya na biya wurin motata, wadda Ba-Komai ya riga ya jawo zuwa rumfarsa, ya ce zai bi ta a hankali, in ya sami kayan gyara na hannu masu kyau ya sa mata. Na buɗe ƙofar direba don in ɗauki carbina, na ji ƙwar. Na zura hannu a aljihun ƙofar, na zaro wani ɗan gwangwani cike da ƙoshiyoyin keken ɗinki, wanda na yi wata guda ina zargin yaran unguwa da sace shi. A duk motar, shi kaɗai ne ba a musanya ba. Na dubi Ba-Komai, ya dubi sama. Allah ya saka masa, bai ce komai ba.

Daga nan muka wuce asibiti. Auta tana zaune an jingina ta da filo, uwar yara ta fita ɗebo ruwan zafi, jaririn yana kwance a ɗan gadonsa, a jere da gadajen wasu jariran. Yaya ya tsaya ya ƙare musu kallo, ya karkata kai, ya lumshe ido.

"Ƙanina, ka lura duk kamarsu ɗaya?"

"Jarirai ai haka suke."

"Haka suke. Kuma ka san a irin wuraren nan ana musanya. Ni na san ma'aikatan asibiti kamar yunwar cikina." Ya waiwaya hagu da dama, ya sa hannu a aljihu, ya zaro 'yar kwalbar. "Wannan karon ba wanda zan faɗa wa. Ɗigo ɗaya a tafin ƙafa, mai ƙyalƙyali. A ina za su samo irinsa?"

Ina so in ce muku na daka masa tsawa. Ina so in ce na ƙwace kwalbar na wurga ta taga. Amma lokacin da uwar yara ta turo ƙofa da butar ruwan zafi a hannu, abin da ta gani shi ne yayanta ya tsoma ɗan buroshi a kwalba, mijinta kuma ya sunkuya ya riƙe masa ƙafar jariri.

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta dai ajiye butar a hankali, ta cire takalmi ɗaya.

Ranar na gane Yaya bai iya tuƙi ba, amma gudu kam ya iya. Ni ne ma na zo na biyu.